Yadda Ake Tantance Rahoton Binciken Allurar Sin Kan Mantuwar Tsofaffi

Duk wanda ke aiki a ƙaramin asibitin karkara, a Ringim ne ko Gaya ko Gumel, zai iya cin karo da irin wannan tambaya. Saurayi zai shigo da waya a hannu, ya gaishe ka, ya ce, "Likita, Baba ne ya fara mantuwa. Jiya sau uku yana tambaya ko an ba awaki ruwa. Yayanmu da ke Kano ya turo mini wannan, wai an yi bincike, allurar Sin tana dawo da tunani. Mu kai shi?" A ƙauye duk mai farar riga likita ne, saboda haka abin da ka faɗa da shi za a yanke ko a kai tunkiya kasuwa ko a bar ta a turke.

Amsar da ta fi dacewa a lokacin ita ce, "Ba ni zuwa jibi in duba." Ba sai kana da digiri za ka iya dubawar ba. Turancin da ya fitar da kai daga makarantar koyon aikin lafiya, irin ta Jahun, ya isa. Sai waya mai data, da biro, da fallen takarda da za ka raba gida uku: "an faɗa", "an faɗa rabi-rabi", "ba a faɗa ba". Kowace tambaya da za ta biyo baya, a ɗaya cikin gidajen nan za ka sa amsarta.

Ga wanda bai taɓa ganin aikin ba: allurar Sin, wadda ake kira akufanca, sirararan allurai ne na ƙarfe da ake tsirawa a wasu keɓaɓɓun wurare a jiki, a bar su kamar minti 20 zuwa 30, sannan a zare. Babu ruwan magani a cikinsu, kuma ba jini ake nema ba irin na ƙahon wanzami. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayanin inda wurare 361 na tsira allurar suke a jikin mutum. Daidaita suna da wuri kawai ta yi don masana su riƙa fahimtar juna. Ba ta ce suna warkar da mantuwa ba, duk da cewa masu talla na son jingina da sunanta.

Mataki na farko: nemo rahoton kansa

Abin da ke yawo a WhatsApp labarin rahoto ne, wani lokaci ma labarin labarinsa. Nemi abu uku a cikin saƙon: sunan binciken, mujallar da ta buga shi, da shekara. Idan babu ko ɗaya, aikinka ya ƙare tun nan, don babu abin da za a tantance. Idan akwai, rubuta sunan a PubMed, rumbun rahotannin likitanci da gwamnatin Amurka ke kula da shi, wanda kowa ke shiga kyauta. Taƙaitaccen bayanin da za ka fara gani bai isa ba, a nan ne marubuta ke sa abin da suka fi so a gani. Sauke cikakken rahoton ranar da ka shiga gari, ko da daddare in sabis ya yi ƙarfi.

Gwaje-gwajen allura a kan mantuwa da yawa da Sinanci aka buga su. In ka yi karo da irin wannan, nemi rahoton Turanci da ya tattaro gwaje-gwaje da dama ya tace su. Irinsa yakan zo da wani jadawali mai ɗigo-ɗigo, kore da ruwan ɗorawa da ja. Kore na nufin an yi abin yadda ya kamata, ja an yi shi ba daidai ba, ruwan ɗorawa kuwa rahoton bai fito fili ya faɗa ba. Kafin ka karanta ko layi ɗaya, kalli launin da ya fi yawa.

Tambayoyin da za mu bi ba ni na ƙirƙiro su ba. Akwai ƙa'idar rubuta rahoton gwajin magani mai suna CONSORT, wadda ta fara fitowa a 1996, aka gyara ta a 2001, aka sake gyarawa a 2010 da tambayoyi 25, sannan a 2025 suka zama 30. Akwai kuma STRICTA, wadda aka yi musamman don aikin allura. Ta fara fitowa a 2001, a 2010 ta zama reshen CONSORT, da manyan tambayoyi 6 da suka kasu gida 17. Ba duka za ka bi ba. Na tsamo waɗanda in sun faɗi, sauran ba za su tashi rahoton ba.

Mataki na biyu: su wa aka gwada?

Mantuwar da ake magana a kai ba gigin tsufa ba ce. Tana tsakiya ne, tsakanin mantuwar da tsufa kan kawo da gigin tsufa. Ronald Petersen da abokan aikinsa na asibitin Mayo a Amurka sun fayyace ta a 1999, suka ƙara daidaita bayanin daga baya: mutum na kuka da mantuwa, zai fi kyau a ce wani na kusa da shi ya shaida hakan, an gwada shi an ga tunaninsa ya gaza na tsararrakinsa, amma har yanzu yana gudanar da harkokinsa. Wato Baba yana mance inda ya ajiye carbi, yana maimaita tambaya, amma yana zuwa masallaci ya dawo shi kaɗai, yana cin kasuwa a ba shi canji ya ƙirga. Wanda ya ɓace a hanyar gonarsa, ko ya kasa gane jikokinsa, ya wuce wannan matakin.

Duba ko rahoton ya faɗi ma'aunin da ya bi wajen ɗaukar mutane, da shekarunsu, da zurfin karatunsu, da waɗanda ya ƙi ɗauka. Lura kuma ko an cakuɗa masu mantuwar da ta biyo bayan shanyewar ɓarin jiki da waɗanda tasu ta zo a hankali. Na farkon sukan ɗan farfaɗo da kansu a watannin farko, ko an yi musu allura ko ba a yi ba.

Wannan mantuwa ba hanya ɗaya take bi ba. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, a jagorar da ta fitar a 2018, ta kiyasta cewa kusan mutum 7 cikin 100 masu shekara 60 zuwa 64 na da ita, a masu shekara 80 zuwa 84 kuwa ta kai 25 cikin 100. Cikin waɗanda suka haura 65 suna da ita, kusan 15 cikin 100 ne ke kaiwa ga gigin tsufa a shekara biyu. Sauran wasu na tsayawa inda suke, wasu ma in an sake gwada su sai a ga sun koma daidai. Saboda haka rahoton da ya ce "mun yi wa mutum 40 allura, 30 sun ji sauƙi" ba tare da wani rukuni da aka kwatanta su da shi ba, ajiye shi gefe.

Mataki na uku: yaya aka raba su?

Manomin da ke son ya san ko sabon taki na da kyau ba zai zuba shi a fadama ba, ya bar jigawa haka, sannan da kaka ya ce taki ya yi aiki. Gona ɗaya zai raba, kuma ba zai zaɓa wa takin gefen da ya san ya fi ni'ima ba. Haka gwajin magani yake: ƙuri'a ce za ta raba mutane, ba idon likita ba.

Kusan kowane rahoto zai ce "an raba su ta hanyar ƙuri'a". Wannan jimlar ita kaɗai gidan "rabi-rabi" za ta shiga. Kana son ka ga yadda aka yi ƙuri'ar: kwamfuta ce ta fitar da jerin lambobi, ko jadawalin lambobin da ba su da tsari aka bi. In aka ce an raba bisa ranar zuwa asibiti, ko lambar kati, ko wannan nan wancan can bi da bi, to ba ƙuri'a aka yi ba, don mai ɗaukar marasa lafiya ya san inda na gaba zai faɗa.

Kada ka ga kamar tsananin bin diddigi ne. A 2009 Wu Taixiang da abokan aikinsa, yawancinsu masana ne 'yan ƙasar Sin, sun tattara rahotanni sama da 3,000 daga mujallun ƙasarsu da suka ce sun yi ƙuri'a, na maganin zamani da na gargajiya duka. Suka tuntuɓi marubutan 2,235 daga ciki suka tambaye su yadda suka yi. Guda 207 kacal aka samu sun yi ƙuri'ar gaskiya.

Tambaya ta biyu a nan ta fi ta farko ɓoyuwa: bayan an fitar da jerin, wa ya riƙe shi? Idan yana cikin aljihun wanda ke ɗaukar marasa lafiya, to ranar da ya ga tsoho mai kuzari, mai 'ya'ya masu kula, zai iya ɗan jinkirta shi har layin allura ya zo, ko da bai yi niyyar maguɗi ba. Hanyar da aka yarda da ita ita ce ambulan masu kauri da haske ba ya ratsa su, a liƙe, da lamba bi da bi, ba a buɗewa sai an rubuta sunan mutum. Ko kuma a buga waya wani ofishi dabam ya faɗi rukunin. Kenneth Schulz da abokansa sun duba gwaje-gwaje 250 a 1995, suka ga waɗanda ba su ɓoye jerin da kyau ba, ko ba su faɗi yadda suka ɓoye ba, sun zuzuta amfanin magani da kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin 100.

Daga nan leƙa jadawalin farko na rahoton, inda aka jera rukunan biyu gefe da gefe kafin a fara komai. Shekaru, karatu, da makin gwajin tunani su yi kusa da juna.

Mataki na huɗu: da me aka kwatanta allurar?

A nan ne yawancin rahotanni ke karyewa, don haka kada ka yi sauri.

Yi tunanin tsohuwar da ake wa allura sau uku zuwa biyar a mako. Za ta yi wanka, ta sa kaya, ta fita daga gida, a gaishe ta da suna, a tambaye ta barci da cin abinci, a kwantar da ita rabin awa ana taɓa kanta da kulawa, ta haɗu da tsararrakinta su yi hira. 'Yar'uwarta da ke ɗaya rukunin an ba ta ƙwaya ta koma ɗaki. Bayan wata biyu ta farkon ta fi walwala, ta fi mai da hankali lokacin gwaji. Allura ce, ko fitar da hirar da kulawar? Gwajin da aka tsara haka ba zai iya raba su ba.

Maganin wannan shi ne allurar bogi. A 1998 wani likita a Jamus, Konrad Streitberger, ya fito da wata allura mai dakusasshen baki: in an danna ta a fata mutum zai ji tsini, amma maimakon ta shiga jiki sai ta koma cikin mariƙinta, filasta na riƙe da ita a tsaye. Mai kallo zai rantse ta shiga. Wasu masu binciken kuma suna tsira allurar gaske sama-sama a wuraren da ba na magani ba. Duba wanne aka yi, kuma ko an tambayi marasa lafiyar daga baya wane rukuni suke zaton suna ciki. In kusan duk sun canka daidai, bogin bai ɓoyu ba.

Abin da allurar bogi ke iya tonawa ya fito fili a wani babban gwaji da aka yi a Jamus kan ciwon baya, aka buga a 2007, da mutum 1,162. Waɗanda suka samu sauƙi a rukunin allurar gaske kashi 47.6 ne cikin 100, a rukunin bogi kashi 44.2, a rukunin magani da motsa jiki na yau da kullum kashi 27.4. Da babu rukunin bogi, da an ce allura ta kusa ninka maganin asibiti, kuma lissafin ba zai zama ƙarya ba. Da yake akwai shi, sai aka ga ta gaske da ta bogi kusan kunnen doki suka yi. Ciwon baya ne, ba mantuwa ba, amma darasin yadda ake karanta rahoto ɗaya ne.

Idan kuma da ƙwaya aka kwatanta, tambayi kanka ko ita ƙwayar an tabbatar tana maganin wannan mantuwa. Gwaje-gwajen Sin da dama da nimodifin suke kwatantawa, maganin da asibitoci suka fi sani wajen jinyar wani nau'in zubar jini a ƙwaƙwalwa. Jagorar nan ta 2018 ta ce babu ƙwayar da ke da ƙaƙƙarfar hujjar tana maganin wannan mataki na mantuwa. Fin abin da ba a tabbatar yana aiki ba, ba wani abin a-zo-a-gani ba ne.

Mai tsira allura dole ya san abin da yake tsirawa, wannan da wuya a ɓoye masa. Amma wanda zai gwada tunanin mutane ya ba da maki, babu dalilin da zai sa ya san rukuninsu. Nemi jimlar da ta faɗi haka ƙarara. In mai allurar ne kuma mai ba da maki, ja layi biyu a ƙarƙashin wannan.

Mataki na biyar: za a iya maimaita aikin daga abin da aka rubuta?

Nan ne wurin STRICTA, kuma awonsa mai sauƙi ne: in ka miƙa rahoton ga wani mai allura a Kano ko Abuja, zai iya yin daidai abin da aka yi? Sai rahoton ya faɗi salon da aka bi da dalilin zaɓensa. Sai ya faɗi sunayen wuraren: a gwajin mantuwa za ka yawan ganin Baihui, a tsakar kai, mai lamba GV20; da Sishencong, wurare huɗu da ke kewaye da shi; da Zusanli, ST36, a ƙasan gwiwa. Allura nawa a zama ɗaya, gefe ɗaya ko biyu, zurfin shigarta, kaurinta da tsawonta, minti nawa ta zauna. Ko an murza ta da hannu ko an jona mata ɗan lantarki, in an jona, ƙarfinsa nawa. Ko an nemi mutum ya ji nauyi da tsami-tsamin nan da masu aikin ke kira deqi. Zama nawa gaba ɗaya, sau nawa a mako.

Abu biyu ne aka fi tsallakewa. Na ɗaya, sauran abin da aka haɗa da allurar, kamar tausa, ganyayyaki, gashi da hayaƙin ganye, ko atisayen tunani; in an haɗa uku aka ba rukuni ɗaya, ba a san na wa ne ladan ba. Na biyu, wane ne mai allurar, ina ya koya, shekara nawa yana yi. Wannan na biyun ya shafe mu kai tsaye. Ko da gwajin ya yi kyau, hannun da ya yi shekaru yana karatun aikin a jami'ar Sin ba shi ne hannun da ya yi kwas ɗin 'yan makonni ya buɗe shago ba.

Mataki na shida: da wane ma'auni aka auna sauƙin?

Sunayen ma'aunan gwajin tunani biyu za ka fi gani. MMSE, wanda ya fito a 1975, da MoCA, na 2005. Kowanne maki 30 ne, yawan maki shi ne lafiya. Wani lokaci za ka ga ADAS-Cog, shi kuma akasin haka ne, yawan maki shi ne tsanani. Kada ka karanta jadawalinsa a juye.

Duba abu uku. Shin an faɗi tun farko wane ma'auni ne babba, wanda da shi za a yanke hukunci? Wanda ya auna abu goma sha biyar ya fito da biyun da suka yi kyau, sa'a ce ya nuna maka. Na biyu, girman bambancin. Alamar lissafin da za ka gani kusa da sakamako, p ƙasa da 0.05, ba ta ce bambancin na da yawa ba, cewa kawai take da wuya ya zama katari ne. Maki ɗaya cikin 30 zai iya samun wannan alamar, alhali a gida babu wanda zai ga canji, kuma mutum kan ƙara maki don kawai ya taɓa yin gwajin ya san tambayoyin. Na uku, tsawon bibiya. Abin da iyali ke tsoro shi ne inda Baba zai kai nan da shekara biyu ko uku. Gwajin wata biyu bai taɓo wannan tambayar ba.

Akwai kuma wani lissafi da rahotannin Sin ke so, inda ake kasa mutane "ya warke", "ya ji sauƙi sosai", "ya ji sauƙi", "babu canji", a tara ukun farko a ce kashi 85 ko 90 cikin 100 sun amfana. Lambar na da daɗin ji a saƙon waya. Nemi inda aka ja iyakar kowane aji, da wanda ya ja ta.

Sai kuma tambayar da rahoton ba zai yi maka ba: ma'aunin ya dace da tsofaffinmu? Ɗauki MoCA ka zauna da dattijo ɗan shekara 75 a ƙauyen Maigatari, wanda ya yi allo ya sauke, bai taɓa shiga aji ba. Za ka ce ya haɗa lambobi da haruffan boko da layi, 1 zuwa A, A zuwa 2. Za ka miƙa masa biro ya zana agogo ya sa hannuwa a sha ɗaya da minti goma, mutumin da inuwa da kiran salla ke gaya masa lokaci. Za ka nuna masa zanen dabba uku: zaki, karkanda, raƙumi. Raƙumin zai gaya maka har irinsa da kuɗinsa a kasuwar ranar Alhamis, karkanda kuwa zai juya takardar ya ce, "Yaro, wannan wace irin saniya ce?" Ka tambaye shi kwanan wata, ya ba ka na Sha'aban daidai, takardarka na jiran na Turawa. Zai faɗi ƙasa da maki 26 da aka sa a matsayin iyaka, ko an ƙara masa maki ɗayan da ake ƙara wa mai ƙarancin karatu, alhali lissafin buhunan geronsa da basussukan da yake bi duk suna kansa.

Masana a Ibadan sun daɗe da gane wannan. Binciken haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da Indiyanafolis, wanda ya fara a farkon shekarun 1990, da ma'aunin da ke haɗa tambayar tsoho da tambayar na kusa da shi ya yi aiki. A can ne aka gwada sa tsoho ya kwaikwayi siffa da tsinken ashana maimakon zane da biro. Daga baya aka yi ma'aunin IDEA, wanda aka gwada a Tanzaniya da Najeriya don waɗanda ba su yi boko ba. Sakamakon da aka samu a kan ma'aikatan birni da suka yi ritaya a Sin, da ma'aunin biro da takarda, sai an yi hattara kafin a ɗora shi a kan manomin Jigawa.

Mataki na bakwai: ƙirga, rajista, illa

Waɗannan ba sa cin lokaci. Rahoto mai bin CONSORT na da zanen akwatuna da kibiyoyi da ke nuna mutum nawa aka tantance, nawa aka raba, nawa suka fita da dalilinsu, nawa aka lissafa a ƙarshe. Ƙirga da kanka. In sama da kashi 20 cikin 100 sun ɓace, a yi shakka. In kuma tsofaffi 120 sun yi wata uku suna sintiri babu wanda ya fasa ko sau ɗaya, wannan ma abin tambaya ne ga duk wanda ya taɓa bin masu hawan jini su dawo karɓar magani. Ƙa'ida ita ce a lissafa kowa a rukunin da ƙuri'a ta jefa shi, ko ya kammala ko bai kammala ba.

Nemi lambar rajista. Tun 2005 manyan mujallun likitanci suka ce ba za su buga gwajin da ba a yi masa rajista kafin a fara ba. Lambar kan fara da NCT in ta Amurka ce, ChiCTR ta Sin, PACTR ta Afirka. Sa ta a intanet, ka kwatanta ranar rajista da ranar da aka fara ɗaukar mutane, ka kwatanta babban ma'aunin da aka yi alkawari da wanda aka kawo a rahoto. In sun sha bamban ba tare da bayani ba, an sauya wurin raga bayan an buga ƙwallo ke nan, kuma wannan kaɗai ya isa ka rage yarda.

Illa kuma: a hannun ƙwararre allurar ba ta cika yin ɓarna ba, yawanci ɗan jini ne, ko kumburi, ko jiri. Amma an san tana iya huda huhu in an zurfafa a ƙirji ko kafaɗa, kuma allurar da aka sake amfani da ita na yaɗa ciwon hanta. Rahoton da ya yi shiru kan illa bai ce babu ba. Gidan "ba a faɗa ba" za ka sa shi. Duba kuma wanda ya biya kuɗin binciken, da ko kwamitin ɗa'a ya amince.

Mataki na takwas: karanta takardarka, ka koma wa iyalin

Gidan "ba a faɗa ba" ba ya nufin ba a yi ba. Mai yiwuwa an yi aikin da kyau aka rubuta shi a gurguje. Sai dai kai rubutun ke gabanka, kuma ba za ka sa iyali su kashe kuɗi a kan kyautata zato ba. A ganina, in ƙuri'a, ɓoye jeri, rukunin bogi da rufe idon mai ba da maki ba su faɗa gidan farko ba, sauran ko sun cika ba su canza komai.

Ka kuma san cewa rahoto ɗaya ba ya tsayawa shi kaɗai. A 1998 Andrew Vickers da abokansa sun duba gwaje-gwajen allura daga ƙasashe dabam-dabam, suka ga duk waɗanda suka fito daga Sin, Jafan, Hong Kong da Taiwan nasara suka bayyana, babu ko ɗaya da ya ce bai yi ba. Babu maganin da ke cin kowane gwaji. Abin da ya fi kusa shi ne waɗanda ba su yi nasara ba sun tsaya a durowa. A kan mantuwar da muke magana, wani rahoto na 2016 ya tattara gwaje-gwaje 5 da mutum 568, ya ga masu allura sun fi masu shan nimodifin da kusan maki ɗaya a MMSE, bayan jinyar wata biyu zuwa uku. Marubutan da kansu sun yi gargaɗi cewa ingancin gwaje-gwajen ba shi da ƙarfi. Wannan gargaɗin ne ke faɗuwa a hanya kafin labari ya iso WhatsApp.

In saurayin ya dawo, gaya masa abin da ka gani da Hausa miƙaƙƙiya: an gwada, an ga ɗan bambanci, amma yadda aka yi gwajin bai kai a dogara da shi ba, kuma ba a nuna tana hana gigin tsufa ba. Sannan ka ce ya kawo maka Baba, da ledar magungunansa duka, har na kemis da na gargajiya. Auna hawan jini da suga. Gwada jinsa da ganinsa, don tsohon da ba ya ji sosai ana ɗaukarsa mai mantuwa. Duba ledar ko akwai maganin barci irin su diyazefam, ko maganin mura da ƙaiƙayi mai sa gyangyaɗi, duk suna dusashe tunanin tsoho. Tambayi barcinsa, cin abincinsa, da ko ya yi rashi kwanan nan, saboda damuwa na zuwa da kamannin mantuwa. Ƙarancin bitamin B12 da raunin aikin ƙullin wuya da ke kawo maƙoƙo sai da gwajin jini, a babban asibiti. In abin na ci gaba, rubuta masa takardar tura wa likitocin ƙwaƙwalwa, irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman da zazzaɓi, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu, ba ta jiran jibi, a tafi asibiti a ranar. Abin da jagorar 2018 ta ba da shawara a kai kuwa ba ya cin ko sisi: motsa jiki aƙalla sau biyu a mako. Kada a hana shi zuwa gona da majalisa da sunan tausayi.

Idan duk da haka iyalin sun ce za su gwada allurar, kuɗinsu ne, tsohonsu ne. Ka ce su nemi ganin takardar shaidar mai aikin, su tabbatar a gabansu ake yage ledar sababbin allurai, su gaya masa in Baba na shan maganin tsinka jini, kuma kada a daina maganin hawan jini ko na suga. Kafin su tafi, rubuta a katinsa abubuwa biyar da yake iya yi da kansa yau da waɗanda ya fara kasawa, daga bakin wanda ke kwana gida ɗaya da shi, ka sa kwanan wata. Bayan wata shida ka kira mutumin nan dai, ka yi masa tambayoyin nan dai, ka rubuta amsar a ƙarƙashin ta farko.